Cacar ƙwallo a waya: Yadda na'ura ke gano masu cin kamfani ta rufe musu ƙofa

A ranakun Asabar da Lahadi, lokacin da ake buga gasar Firimiya ta Ingila da La Liga ta Sifaniya, da wuya mutum ya leƙa gidan kallon ƙwallo ko fadar samari a garin Tasawa ya rasa wanda idonsa ɗaya ke kan talabijin, ɗayan kuma kan wayar salula. Tikiti ya yanka. Ya jera wasanni takwas ko goma, ya zuba dala ashirin ko dala arba'in, watau sefa 100 ko 200, yana jiran ƙwallo ɗaya ta shiga raga a Manchester ko Madrid ta mayar masa da su kuɗin babur.

Tasawa, da ke kan babbar hanyar Maraɗi zuwa Damagaram, ba ta da gidan caca irin na Las Vegas mai tebura da fitilu da masu gadi. Mayahi ma haka. Amma tun da intanet ta shiga waya, aka kuma samu hanyar zuba kuɗi ta Airtel Money da Moov Money da sauransu, gidan cacar ya tare a aljihun matasa. Bai kuma zo shi kaɗai ba. Ya taho da mai gadinsa, wanda ba a gani, ba ya barci, kuma aikinsa ɗaya ne: ya gano wanda ya iya wasan, ya ɗaure masa hannu.

Wannan mai gadi shi ne ƙirƙirarriyar basira, wadda ake kira AI. Kafin ta iso waya, a gidajen caca na Amurka aka raine ta.

Malamin lissafin da ya tayar wa Las Vegas hankali

A 1962 wani malamin lissafi Ba'amurke, Edward Thorp, ya fitar da littafi mai suna Beat the Dealer. A ciki ya nuna, da taimakon kwamfutar jami'ar MIT, cewa akwai wasan karta ɗaya da ɗan wasa zai iya rinjayar gidan caca: blackjack, wanda ake neman haɗa maki 21.

Sirrin ba shi da wuyar fahimta. Kartar da aka riga aka raba ba ta dawowa sai an sake gauraya. Saboda haka mai lura zai iya riƙe lissafi a kansa: idan ƙananan karta sun fi fita, manya sun rage a tari, sa'a ta karkata wajensa, sai ya ƙara zubi. Idan akasin haka ne, ya rage. Ribar kaɗan ce, ba ta cika wuce kashi ɗaya ko ɗaya da rabi cikin ɗari ba, kuma mai lissafin kan kwana da asara sau da yawa. Sai an daɗe ana yi take fitowa. Amma wannan ɗan kashin ya isa ya tsorata masu gidajen caca, har a 1964 suka canza dokokin wasan a Las Vegas. Da suka ga mutane sun ƙaurace wa teburan, cikin 'yan makonni suka janye.

Irin waɗannan mutane ba 'yan maguɗi ba ne a idon doka. Ba su sace karta ba, ba su haɗa baki da mai rabawa ba, ƙwaƙwalwarsu kawai suka yi aiki da ita. Duk da haka a jihar Nevada, inda Las Vegas take, gidan caca na da ikon korar duk wanda ya ga dama. A New Jersey kuwa wani gwanin lissafin karta, Ken Uston, ya kai ƙara, kuma a 1982 kotun ƙolin jihar ta ce gidajen caca na Atlantic City ba su da hurumin korar mutum don ya iya lissafi. Sai suka bi ta wata hanya: a riƙa gauraya karta a kai a kai, a kuma taƙaita yawan kuɗin da zai iya zubawa. Mutum na zaune a tebur, ba wanda ya kore shi, amma an zare wa wasansa laka. A riƙe wannan dabara, domin ita ce za ta sake ɓullowa a waya.

Gano su ne babban aiki. A 1967 aka kafa wani kamfanin bincike mai suna Griffin Investigations, wanda ya riƙa tara hotuna da sunayen 'yan maguɗi da gwanayen lissafi a kundi ɗaya, yana sayar wa gidajen caca. Ɗaliban MIT da suka kafa ƙungiyar lissafin karta, waɗanda aka yi fim ɗin 21 a kansu a 2008, sun sha shiga ɓad-da-kama saboda wannan kundi: gashin kanti, tabarau, sunan ƙarya. Kamfanin ya durƙushe a 2005, bayan wasu 'yan wasa biyu sun yi nasara a kansa a shari'ar ɓata suna, domin ya kira su 'yan maguɗi ba tare da hujja ba.

Layin da ke tsakanin wayo da maguɗi siriri ne. A 2012 fitaccen ɗan wasan karta Phil Ivey ya ci fam miliyan 7.7 a gidan caca na Crockfords da ke Landan, ta hanyar lura da ɗan bambancin zanen bayan karta, tare da sa mai rabawa ta riƙa juya masa wasu kartocin. Gidan ya ƙi biya. A Oktoban 2017 kotun ƙolin Birtaniya ta ce abin da ya yi maguɗi ne, ko da shi bai ɗauke shi haka ba.

Daga kundin hotuna zuwa ido mai lissafi

Kundin Griffin yana buƙatar ɗan'adam ya zauna ya dubi hoto ya dubi fuska. Mutum kuwa yana gajiya, yana mantuwa, gashin kanti na iya ruɗarsa. Manhajar gane fuska ba ta damu da hula ko gemu sosai ba; tsarin fuskar take aunawa, ta kwatanta da dubban hotuna cikin ƙiftawar ido tun mutum yana bakin ƙofa.

Sai kuma teburan zamani. Ana saka wata 'yar na'ura a cikin ƙwandalolin da ake zubi da su, yadda tebur zai san nawa kowa ya zuba a kowane hannu, kyamara kuma ta karanta kowace karta da ta fita. Manyan gidajen caca na Makau, cibiyar caca ta ƙasar Sin, sun duƙufa wajen girka irin waɗannan tebura a 2024. Idan kwamfuta tana ƙirga karta da kanta, kuma ta ga zubin wani yana hawa da sauka daidai da lissafinta, magana ta ƙare. Abin da a da yake ɗaukar ma'aikaci sa'o'i yana maimaita bidiyo, yanzu na'ura ce ke sanar da shi.

Masu gidajen caca suna da hujjar da suke kafawa, kuma ba ƙarya ba ce gaba ɗaya. A lardin Ontario na Kanada, tun 2011 ake amfani da gane fuska wajen hana shiga ga mutanen da suka rubuta sunansu da kansu cewa caca ta fi ƙarfinsu, a taimaka a hana su. Jihar South Australia ma ta wajabta hakan a manyan wuraren caca a ƙarshen 2020. Sai dai kyamarar da ke tare mai jarabar caca ita ce dai ke tare gwani, ita ce kuma ke gaya wa manaja cewa babban mai asara ya iso, a tarbe shi da fara'a.

A waya ba a buƙatar kyamara

Kamfanin cacar ƙwallo ya fi gidan cacar Las Vegas sa'a ta wani ɓangare. Ba sai ya nemi sanin ko wane ne kai ba. Kai ka kawo masa kanka. Ka ba shi lambar waya, ka ba shi suna, a lokuta da dama ka aika hoton katin shaida da na fuskarka. Daga nan kowane taɓi ana rubuta shi: wasan da ka zaɓa, ƙarfe nawa, nawa ka zuba, wace irin waya ce a hannunka, daga wane gari kake shiga.

Don a gane abin da na'urar ke nema, sai an fara gane inda kamfani ke samun abincinsa. A ɗauki wasan da ɓangarori biyu ƙarfinsu ɗaya. Adalci shi ne a ninka wa wanda ya ci kuɗinsa sau 2. Kamfani sai ya ba da ninki 1.90. Mutum biyu sun zuba jika ɗai-ɗai, kowa ya ɗauki ɓangare guda: kamfani ya karɓi sefa 2,000, ya biya 1,900, ya riƙe 100, ko wa ya ci.

A tikitin da aka jera wasanni da yawa, wanda shi matasa suka fi so, wannan ragin yana hawa kan juna. Wasanni goma irin wannan, idan duka suka shiga, sefa 100 za ta koma wajen 61,300. Abin sha'awa. Amma damar shigarsu duka ɗaya ce cikin 1,024, kuma da a kan adalci ne, 102,400 ya kamata a biya. A dunƙule, cikin kowace jika da aka zuba a irin wannan tikiti, kusan sefa 400 rabon kamfani ce. Mai yanka dogon tikiti ba shi da abin tsoro daga na'ura. Shi ne ɗan lelen kamfani, shi ake aika wa saƙon garaɓasa idan ya kwana biyu bai shigo ba.

Wanda ake farauta daban ne. Shi ne wanda ya daina bin zuciya, ya daina zuba wa Barcelona don yana son Barcelona, ya koma farautar kuskuren kamfani. Wani yana bin labarai, ya ji ɗan wasa ya ji rauni kafin a gyara ninki. Wani kuma yana kwatanta kamfanoni biyu: wannan ya ba da 2.10 a kan za a ci ƙwallo uku ko fiye, wancan ya ba da 2.10 a kan ba za a kai uku ba. Ya zuba jika goma nan, jika goma can. Duk yadda wasa ya tashi zai karɓi 21,000 a kan 20,000 da ya kashe.

Na'ura ba ta jira sai ka ci kuɗi mai yawa. Babban ma'auninta shi ne ta kwatanta ninkin da ka ɗauka da wanda aka rufe da shi lokacin da alƙali ya busa usur. Idan kullum ka ɗauki 2.10, kafin a take wasa ya sauko 1.85, alama ce ka riga kasuwa gani. Ko da ka faɗi a wannan makon, ta san a ƙarshe kai ne da nasara. Tana kuma duba wasu alamu: mai zubi a ƙananan gasanni da ba kowa ke kallo ba, mai zuba kuɗi da wutsiya kamar 7,340 maimakon 7,000, mai cire kuɗi da zarar ya ci, mai shigowa sai ranar garaɓasa.

Hukuncin shi ne irin na Atlantic City. Ba lalle a rufe asusun ba. Ranar nan mutum zai so ya zuba jika ashirin, manhaja ta ce iyakarsa sefa 300. Ba wasiƙa, ba bayani. Sharuɗɗan da ya danna ya amince da su ba tare da ya karanta ba, galibi sun ba kamfani ikon ƙin karɓar zubi ko rage shi ba tare da faɗin dalili ba.

Abin da alƙaluman Birtaniya suka nuna

Kamfanoni ba su cika son maganar nan a bainar jama'a ba. A watan Mayun 2024 hukumar kula da caca ta jihar Massachusetts a Amurka ta kira zama a kan batun, amma manyan kamfanonin da ke aiki a jihar suka ƙi halarta, sai daga baya a wani zaman.

A Birtaniya kuwa hukumar kula da caca ta karɓi bayanai daga manyan kamfanoni ta wallafa a Yulin 2025. Cikin asusu kusan miliyan 15, an taƙaita 643,779, watau kashi 4.31 cikin ɗari. Abin lura shi ne wannan: a cikin dukkan masu asusu, kusan kashi 25 cikin ɗari ne ke da riba, amma a cikin waɗanda aka taƙaita, kusan kashi 47 ne. Mai riba ya fi shiga komar. Alƙaluman sun kuma nuna fiye da rabin waɗanda aka taƙaita ba su ma da riba, abin da ke nufin ko dai na'ura ta hango su tun kafin su fara ci, ko kuma ta kama su bisa kuskure.

Akwai inda aka taka wa kamfanoni birki. A jihar New South Wales ta Ostireliya, tun 2014 hukumar tseren dawaki ta tilasta musu karɓar zubi har zuwa wani adadi daga kowa, gwani ko ba gwani ba.

Maganar dawaki ta tuno da wani bambanci. Dattawan da suka saba cika takardar PMU ta hukumar LONANI, suna zaɓen dawakin da ke tsere a Faransa, ba su san wannan matsala ba. A irin wannan tsari kuɗin kowa ake tarawa wuri ɗaya, hukuma ta cire kasonta, sauran a raba wa waɗanda suka ci. Gwani kuɗin 'yan'uwansa yake ci, don haka ba wanda ya damu ya kore shi. A cacar ƙwallo ta waya kuwa, abin da ka ci daga aljihun kamfani ya fito.

Inda abin ya shafi ɗan Tasawa

An gina waɗannan manhajoji ne da tunanin mutum ɗaya, waya ɗaya, katin shaida ɗaya, gari ɗaya. Rayuwar Korgom ko Maijirgi ko Kanambakashe ba haka take ba. Waya ɗaya na iya zagaya 'yan fada biyar. Layin da ƙane yake amfani da shi da katin yayansa aka yi masa rajista, yayan kuwa yana ci-rani a Libiya ko Aljeriya ko wajen haƙar zinariya a Jado. Wani yau yana Tasawa da layin Nijar, jibi ya tsallaka Katsina ko Kano ya sa layin Najeriya.

A wajen na'ura, duk waɗannan alamun zamba ne. Asusu da yawa a waya ɗaya yana kama da mutum ɗaya mai wawure garaɓasa da sunaye daban-daban. Sunan asusu ya saɓa da sunan layin da ake tura kuɗi yana kama da halatta kuɗin haram. Shiga daga ƙasashe biyu cikin mako ɗaya yana kama da asusun da aka sace. Kuma binciken ba a cika yin sa ranar zuba kuɗi ba. Ranar cirewa ake tambayar kati da hoton fuska. Wanda ya ci jika ɗari da asusun da ke ɗauke da sunan yayansa, sai ya nemo yayan daga Sabha ya ɗaga kati a gaban kyamara.

'Yan ci-rani da ke aiko da kuɗin abinci gida ta NITA ko Amana su ma abin ya shafe su ta wata fuska. Kuɗin da aka turo don buhun hatsi ko kuɗin makaranta, idan ya biyo ta wayar matashi, tazarar da ke tsakaninsa da manhajar caca taɓi biyu ce ko uku.

Basirar da ake sayar wa matasa

Yayin da ta gaskiya ke hannun kamfani, akwai ta jabu da ake tallatawa a Telegram da WhatsApp da TikTok: manhajar da wai tana hango sakamakon wasa, ko tana sanin lokacin da jirgin wasan Aviator zai tashi ya ɓace. Wasan, wanda kamfanin Spribe ya fitar a 2019, sakamakonsa na fitowa ne daga lissafin bazata da ake yi a kwamfutocin kamfani, ba a wayar mai wasa ba. Masu shi sun ce yana mayar da kashi 97 cikin ɗari na abin da aka zuba. Kashi uku kamar ba komai ba ne, sai dai kowane zagaye daƙiƙu kaɗan ne. Wanda ya juya jika goma sau ɗari, a lissafi abin da zai saura masa bai kai sefa 500 ba. Wasan ƙwallon kwamfuta da ake bugawa duk bayan 'yan mintuna shi ma haka yake: babu raunin ɗan wasa, babu labarin da za a riga kowa ji, don haka babu gwani.

Wanda ke da manhajar da ke cin kamfani da gaske, da wuya ya sayar da ita jika biyar. Da ma tana aiki, da asusunsa ne na farko da za a taƙaita.

Wa za a kai wa ƙara?

Ga mafi yawan mutanen Tasawa da Mayahi, tambayar ko kamfani ya yi wa gwani adalci ba ta ma taso ba, domin caca haramun ce, gwani da wawa duka. Malamai suna kafa hujja da aya ta 90 a Suratul Ma'ida. Wannan ne ma ya sa wanda aka riƙe wa kuɗi yakan haɗiye abin. Ba zai je wurin mahaifinsa ko limamin unguwa ya ce an hana shi kuɗin caca ba.

A Kano, hukumar Hisbah ta rufe shagunan cacar ƙwallo 30 a Oktoban 2024. Wata guda bayan haka, ranar 22 ga Nuwamba, kotun ƙolin Najeriya ta yanke cewa dokar caca ta tarayya ta 2005 ba ta hau kan jihohi ba, su ke da ikon tsara harkar a yankunansu. Shago yana da ƙofar da za a sa wa kwaɗo. Manhaja ba ta da ita, kuma wasu kamfanonin rajistarsu tana can tsibirin Curaçao a yankin Karebiya, inda ɗan Urafan ba shi da hanyar kai ƙorafi.

Nijar tana da dokar kare bayanan jama'a tun 2017, an sabunta ta a 2022, akwai kuma hukumar HAPDP a Yamai da ke kula da ita. A ƙa'ida, mutum yana da haƙƙin sanin abin da aka tara a kansa da abin da ake yi da shi. Kamfanonin caca kuwa a ko'ina suna ɗaukar yadda suke auna abokan hulɗarsu a matsayin sirrin kasuwanci. Matashin da ya fusata ya goge manhajar daga wayarsa bai goge komai a wajensu ba: hoton katin, hoton fuskar, lambar wayar da tarihin kowane tikiti suna nan a ajiye. Idan ya sake buɗe asusu da sunan abokinsa a wannan wayar, ita wayar ce za ta fara tona shi.